Darasi na Shida: Ire-iren Gwaji a Ilimin Halayyar Ɗan'adam

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abin da ya bambanta gwaji da sauran hanyoyin bincike;
2. kawo ire-iren gwaji guda huɗu, da ƙarfin kowanne da rauninsa;
3. bayyana hanyoyi uku na tsara mutanen da za a yi gwaji da su;
4. auna rahoton bincike da kansa kafin ya yarda da shi.

Shimfiɗa

In dai maganar halin mutane ce, kowa malami ne. Za ka ji an ce waya ta ɓata yara, talauci ne ke kawo rashin tarbiyya, wanda ya yi karatun allo ya fi riƙe abu a ka. Wasu daga cikin waɗannan maganganu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa zato ne da ya daɗe a bakin mutane har aka daina tambayar tushensa. Aikin ilimin halayyar ɗan'adam shi ne ya tantance su.

Masana suna da hanyoyi da dama: su raba takardar tambayoyi, su yi hira, su zauna su lura, ko su bi tarihin mutum ɗaya daki-daki. Waɗannan hanyoyi suna iya nuna cewa abu biyu na tafiya tare, amma ba su iya nuna wanne ya jawo wanne. A ce an duba wata unguwa, an ga yaran da suka fi kallon fim ɗin faɗa su ne suka fi dambe. Mai yiwuwa fim ɗin ne ya koya musu. Mai yiwuwa kuma dama masu son dambe ne, shi ya sa suke neman irin wannan fim. Ko kuma wani abu na uku ne ya haifar da duka biyun, kamar rashin babba a gida da rana. Lura kaɗai ba za ta raba wannan gardama ba. Gwaji ne ke raba ta.

Ana ɗaukar shekarar 1879 a matsayin mafarin wannan fanni a zamanance, domin a cikinta ne Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus, inda ake auna abubuwa irin su saurin amsawar mutum idan ya ji ƙara ko ya ga haske.

Ginshiƙan gwaji

Manomin da ke son sanin ko sabon taki na da amfani ba ya zuba shi a fadama sannan ya kwatanta da abin da jigawa ta ba shi. Gona ɗaya zai raba biyu: iri ɗaya, shuka rana ɗaya, noma hannu ɗaya. Gefe guda ya sa taki, ɗaya gefen ya bar shi haka nan. Idan kaka ta yi sai ya ƙirga damin kowane gefe. Duk ginshiƙan gwaji suna cikin wannan aiki nasa.

Na farko shi ne sababi, wato abin da mai bincike ke sauyawa da gangan. Na biyu shi ne sakamako, abin da yake aunawa don ya ga ko sauyin ya yi tasiri. Dole ne sakamako ya zama abin da ake iya ƙirgawa. Cewa "ɗalibai sun fi fahimta" bai wadatar ba, sai an ce kalma nawa suka rubuta daidai cikin 20. Na uku su ne 'yan kutse, wato sauran abubuwan da ka iya taɓa sakamako ba tare da an gayyace su ba: yunwa, zafin rana, shekaru, hayaniya, ko kirkin malami. Mai bincike yana ƙoƙarin daidaita su a kowane ɓangare.

Waɗanda aka ba sabon abu su ne rukunin gwaji. Waɗanda aka bari yadda suke su ne rukunin kwatanci, kuma in babu su ba za a san abin da zai faru ba da ba a yi kome ba.

Saura tambaya mafi nauyi: wa zai shiga wane rukuni? Idan malami ya ce mai son sabon aji ya ɗaga hannu, masu himma ne za su ɗaga. In sun fi cin jarrabawa daga baya, ba a san ko sabon ajin ne ko himmarsu ba. Maganin wannan shi ne ƙuri'a. A rubuta sunaye a nannaɗe, a zuba a ƙwarya, a riƙa ɗauka. Ƙuri'a ba ta san mai kaifin kai ko mai ciwon ido ba, don haka idan mutanen suna da yawa takan watsa kowane irin hali a ɓangarorin biyu kusan daidai, har da halayen da mai binciken bai taɓa tunaninsu ba. Ronald Fisher, masanin ƙididdiga da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, shi ne ya kafa wannan ƙa'ida da hujjar lissafi, ya kuma bayyana ta a littafinsa na 1935 kan tsara gwaji.

Tambayoyi biyu ne ke raba ire-iren gwaji. Wa ya sauya sababin? A ina aka yi aikin?

1. Gwajin ɗaki

A nan mai bincike ne ke sauya sababi, a wurin da ya shirya da kansa, inda yake da iko a kan kusan kome.

A 1951 Solomon Asch ya wallafa wani gwaji da ya yi a Amurka. Ana gayyato ɗalibi a ce masa za a gwada ƙarfin ganinsa. Yana shiga ɗaki sai ya tarar da wasu mutum bakwai ko makamancin haka, a zaunar da shi kusa da ƙarshen layi. A ɗaga kati mai zanen layi ɗaya, da wani katin mai layi uku masu tsawo daban-daban. Tambayar ita ce: wanne daga cikin ukun ya yi daidai da na farko? Amsar a fili take, ko yaro zai gane. Kowa na faɗin tasa da ƙarfi, bi da bi. Abin da ɗalibin bai sani ba shi ne duk sauran 'yan ɗakin da bakin mai bincike suke. A zagayen farko da na biyu suna faɗin daidai. A na uku sai na farko ya faɗi amsar da ba ita ba, fuskarsa ko gezau. Na biyu ya maimaita, na uku ma haka. Kafin layi ya zo kan ɗalibin, ya fara mutsu-mutsu a kujera, yana ƙanƙance ido yana sake duban katin.

Cikin zagaye 18, sun haɗa baki a kan kuskure sau 12. Kimanin kashi 75 cikin 100 na ɗaliban sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na amsoshin da aka bayar a waɗannan zagaye na bin jama'a ne. A rukunin kwatanci kuwa, inda kowa ya amsa ba tare da matsin kowa ba, kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Amfanin ɗaki ya fito a abin da Asch ya yi daga baya. Ya riƙa sauya abu ɗaya-ɗaya. Da ya rage masu haɗa bakin zuwa mutum ɗaya, kusan ba wanda ya bi shi. Da suka kai uku, matsin ya kusa kai ƙarfinsa. Da ya sa ɗaya daga cikinsu ya riƙa faɗin gaskiya, sai bin jama'a ya faɗi warwas. Abokin tsayawa ɗaya tak ya isa ya ba mutum ƙarfin gwiwa.

Ƙarfin gwajin ɗaki ke nan: ana toshe 'yan kutse, ana iya cewa wannan ne ya jawo wancan, kuma wani masani a wata ƙasa zai iya maimaita shi tsaf. Rauninsa kuwa, ɗaki ba duniya ba ne. Auna layi a gaban baƙi daban yake da saɓa wa dangi a taron rabon gado. Ga shi kuma mutum ya san ana kallonsa.

2. Gwajin fili

Har yanzu mai bincike ne ke sauya sababi, amma ya fita da aikin inda mutane ke harkokinsu: kasuwa, aji, asibiti, tasha.

A 1969 Irving Piliavin da Judith Rodin da Jane Piliavin suka wallafa gwajin da suka yi a jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York. Sun zaɓi wani zango da jirgin ke tafiya kimanin minti bakwai da rabi ba tsayawa. Bayan tashi kaɗan, sai wani ɗan tawagarsu ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar tarago. Wani lokaci yana riƙe da sanda kamar marar lafiya, wani lokaci da kwalba a jakar takarda yana warin giya. Mata biyu na zaune suna rubuta wanda ya taimaka da tsawon lokacin da aka ɗauka. Mai sanda ya sami taimakon fasinjoji sau 62 cikin 65, mai warin giya kuwa sau 19 cikin 38. Faɗuwa ɗaya, jirgi ɗaya, abin da mutane suka ɗauka shi ne dalilin faɗuwar ne kawai ya bambanta.

Akwai misali na kusa da gida. A 2009 da 2010, ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services ta gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci a jihohin Doso da Damagaram na Jamhuriyar Nijar. Jenny Aker da abokan aikinta biyu suka tsara bincike a ƙauyuka 113. Duk ƙauyukan sun sami karatu da lissafi iri ɗaya a harshen gida, kamar Hausa da Zabarmanci. Amma an jefa ƙuri'a, kusan rabinsu aka ƙara musu darasin amfani da ƙaramar wayar hannu, aka ba kowane mutum biyar waya guda su riƙa gwada rubuta saƙo. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna ɗaliban ƙauyukan waya sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi, kuma fifikonsu a lissafi yana nan wata bakwai bayan rufe aji. Masu binciken masana tattalin arziki ne, amma tambayarsu ta koyo ce, hanyarsu kuma ita ce wadda muke karantawa. Ku lura da aikin ƙuri'a a nan. Da an bar ƙauyukan da ke bakin titi, masu kasuwa da 'yan boko, su karɓi wayoyin, da ba wanda zai iya cewa waya ce ta yi aiki.

Gwajin fili yana kama mutane a halinsu na yau da kullum. Sai dai iko ya ragu: a jirgi ba ka zaɓen wanda zai shigo, a ƙauye damina ko rashin lafiyar malami na iya shiga tsakani. Yakan ci kuɗi da lokaci. Sau da yawa kuma, kamar fasinjojin New York, mutane ba su san suna cikin bincike ba, balle a nemi yardarsu.

3. Gwajin da ya zo da kansa

Akwai tambayoyin da ba mai hankalin da zai shirya musu gwaji. Ba za a jefa iyalai cikin talauci da gangan don a ga abin da zai sami 'ya'yansu ba. Amma wani lokaci rayuwa kan kawo sauyin da kanta, ta hanyar sabuwar doka, ko bala'i, ko shigowar wata fasaha. Mai bincike bai taɓa sababi ba, nasa shi ne ya kasance a wurin da ma'auni kafin sauyin da bayansa.

A 1993 Jane Costello ta Jami'ar Duke ta fara bin yara 1,420 a yankin duwatsun jihar North Carolina ta Amurka, tana duba lafiyar tunaninsu kowace shekara. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu 'yan ƙabilar Cherokee ne. Ana tsakiyar binciken sai aka buɗe gidan caca a yankin ƙabilar, aka fara raba wa kowane ɗan ƙabila wani kaso na ribar. Kuɗin ya shigo wa mai himma da malalaci baki ɗaya, ba don wani abu da suka yi ba. A rahoton 2003, yaran da iyalansu suka fita daga talauci sun rage taurin kai da rashin ji har suka yi daidai da waɗanda ba su taɓa talauci ba. Amma alamun fargaba da baƙin ciki ba su sauya ba.

Raunin wannan hanya yana bayyana idan aka duba binciken talabijin. A 1973 talabijin ya isa wani ƙaramin gari a Kanada, Tannis MacBeth Williams da tawagarta suka auna yaran garin kafin zuwansa da shekara biyu bayan haka, suka ga faɗa da zagi sun ƙaru. A 1995 talabijin ya isa tsibirin Saint Helena da ke tsakiyar Tekun Atlantika, Tony Charlton da abokansa suka lura da yara a filin wasan makaranta, ba su ga ƙaruwar rashin ji ba. Sauyi iri ɗaya, sakamako biyu. Garuruwan sun bambanta a zamantakewa da yadda manya ke sa ido a kan yara, kuma ba mai ikon raba waɗannan abubuwa da tasirin akwatin talabijin. Ba a kuma iya maimaita irin wannan gwaji, domin talabijin sau ɗaya yake fara shiga gari.

4. Shigen gwaji

Wannan ya yi kama da gwaji a tsari, amma babu ƙuri'a, domin sababin wani hali ne da mutane suka zo da shi: mace ko namiji, yaro ko tsoho, mai karatu ko marar karatu. Ba wanda zai jefa ƙuri'a ya mai da wani ɗan shekara 60.

An daɗe ana cewa iya karatu da rubutu yana sauya yadda mutum ke tunani gaba ɗaya. Matsalar ita ce a mafi yawan ƙasashe mai karatu shi ne wanda ya je makarantar boko, don haka ba a san ko rubutun ne ko zaman ajin ba. Sylvia Scribner da Michael Cole suka sami inda abu biyun suka rabu, wato wurin mutanen Vai na Laberiya. Suna da hanyar karatu uku: rubutunsu na gargajiya da aka ƙirƙiro tun wajen 1830, wanda ake koya a gida wurin ɗan'uwa ko aboki, Larabci ta hanyar makarantar Alƙur'ani, da Turanci ta hanyar boko. Akwai kuma waɗanda ba su da ko ɗaya. Masu binciken sun gwada mutum fiye da 1,000, suka wallafa sakamakon a 1981.

Abin da suka gano shi ne kowane karatu yana kaifafa abin da ake yi da shi ne. Masu karatun Alƙur'ani sun yi fice a haddar jerin kalmomi idan ana ƙara ɗaya a kan ɗaya, yadda aka saba a makarantarsu. Masu rubutun Vai, waɗanda suka saba rubuta wasiƙa, sun fi marasa karatu iya haɗa gaɓoɓin magana da kuma bayyana wa wanda ba ya wurin yadda ake wani wasa. 'Yan boko sun fi kowa iya faɗin dalilin amsarsu. Babu rubutun da shi kaɗai ya ɗaga basirar mutum ta kowace fuska. Duk wanda ya san allo da ajami da boko a ƙasar Hausa zai ga inda wannan bincike ya taɓa mu.

Sai dai a yi hattara. Waɗanda suka koyi rubutun Vai ba ƙuri'a ce ta zaɓe su ba. Kusan dukkansu maza ne, kuma suna iya bambanta da sauran a sana'a da yawan tafiye-tafiye. Masu binciken sun yi amfani da lissafi don rage tasirin irin waɗannan abubuwa, amma lissafi yana gyara abin da aka auna ne kawai. Saboda haka shigen gwaji yana nuna bambanci, ba ya yanke hukunci a kan dalili shi kaɗai.

Idan muka jera huɗun, za mu ga kowane allazi da nasa amanu. Gwargwadon yadda ka riƙe iko, gwargwadon yadda ka yi nisa da rayuwar yau da kullum. Shi ya sa masana ba sa sakin jiki da wata magana sai hanyoyi daban-daban sun kai su wuri ɗaya.

Hanyoyi uku na tsara mutane

*Rukuni daban-daban.* Kowane mutum yana shiga ɓangare ɗaya kawai, kamar ƙauyukan Nijar. Ana bukatar mutane da yawa, kuma ƙuri'a ce garkuwa.

*Mutum ɗaya, gwaji biyu.* Kowa yana yin duka ɓangarorin, misali ya yi hadda cikin shiru yau, gobe cikin hayaniya. An huta da bambancin mutane, tunda da kansa ake kwatanta shi. Amma a karo na biyu ya riga ya saba, ko ya gaji. Maganinsa shi ne rabi su fara da shiru, rabi su fara da hayaniya.

*Daidaita kafin rabawa.* Ana fara auna mutane, a haɗa masu kama da juna, sannan a watsa su cikin rukunoni. Albert Bandura ya yi haka a 1961 da yara 72 na makarantar renon Jami'ar Stanford. Ya sa an auna zafin kowane yaro tukuna, don kada masu faɗa su taru a gefe guda. Yaran da suka ga babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba sun fi sauran dukanta, har suna kwaikwayon salon dukan da kalmomin da ya furta.

Tarkuna biyu

Na farko daga wanda ake gwadawa yake. Mutum in ya san ana bincike a kansa yakan yi ƙoƙarin gano abin da ake so, ya bayar da shi don ya faranta rai ko ya kare mutuncinsa. Wanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta ma yakan ce ya ji sauƙi. Don haka akan ɓoye masa rukunin da yake ciki.

Na biyu daga mai binciken yake. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a Berlin mai suna Hans, wanda aka ce ya iya lissafi. A tambaye shi, ya riƙa buga kofato har ya kai amsar. A 1907 Oskar Pfungst ya wallafa abin da ya gano: idan mai tambaya bai san amsar ba, ko dokin ba ya ganinsa, sai lissafi ya rushe. Ashe idan bugun ya kai adadin da ake jira, mai tambaya kan ɗan ɗaga kai ba tare da saninsa ba, dokin kuma sai ya tsaya. Mai dokin ba maƙaryaci ba ne, shi ma bai san yana ba da alama ba. Wannan ne ya sa a gwaji mai inganci ake ɓoye rukuni ga wanda ake gwadawa da mai aunawa baki ɗaya.

Haƙƙin wanda ake gwaji da shi

A 1961, a Jami'ar Yale, Stanley Milgram ya sa mutane su riƙa danna maɓallin da suka ɗauka yana jona wa wani lantarki duk sa'ad da ya yi kuskure. Babu lantarkin, wanda ake "jonawa" ɗan wasa ne. Cikin mutum 40, 26 suka bi umarni har maɓallin ƙarshe mai bolt 450. Da yawansu sun yi ta gumi da rawar jiki, in sun nemi tsayawa sai a ce su ci gaba. Gwajin ya koyar da duniya abu mai muhimmanci game da biyayya, amma surutun da ya tayar yana cikin abin da ya sa aka tsaurara ƙa'idoji.

Mutanen Kano sun san nauyin wannan magana ta fuskar magani. Gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda ya ƙunshi yara kusan 200, ya kai ga shari'a bisa zargin ba a nemi yardar iyaye yadda ya kamata ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar.

A yau ƙa'idar ita ce a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya yarda don kansa, yana da damar fita duk lokacin da ya so ba tare da ya rasa kome ba, a rufa masa asiri, kada a cutar da shi. In an ɓoye masa wani abu saboda bukatar gwaji, a warware masa da an gama. Kwamitin ɗa'a ne ke duba tsarin kafin a fara.

Gwaji ɗaya ba ya rufe magana

A 2015 wata babbar tawagar masana ta maimaita bincike 100 da aka wallafa a manyan mujallun wannan fanni. Kimanin 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko. Haka kuma wani nazari na 2008 ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike da su a manyan mujallu daga ƙasashen Yamma suke, alhali a lokacin waɗannan ƙasashe kashi 12 cikin 100 ne na mutanen duniya. Abin da aka gani a ɗaliban jami'ar Amurka ba lalle ya zama haka yake a Gumel ko Maraɗi ba, sai an gwada.

Taƙaitawa

- Gwaji shi ne sauya abu ɗaya, a daidaita sauran, a auna sakamako.
- Gwajin ɗaki: mai bincike ya sauya sababi a wurin da ya shirya.
- Gwajin fili: mai bincike ya sauya sababi a cikin jama'a.
- Gwajin da ya zo da kansa: wani lamari ne ya kawo sauyin.
- Shigen gwaji: ana kwatanta mutanen da dama can sun bambanta.
- Inda babu rukunin kwatanci ko ƙuri'a, a yi taka-tsantsan da cewa "wannan ne ya jawo".

Tambayoyi

1. A gwajin jirgin New York, mene ne sababi, mene ne sakamako?
2. Me ya sa aka jefa ƙuri'a wajen zaɓen ƙauyukan waya a Nijar?
3. Wani ya kwatanta ƙarfin haddar tsofaffi da na matasa. Wane irin gwaji ne wannan? Kawo 'yan kutse biyu.
4. Me labarin dokin Berlin ya koya wa masu bincike?
5. An ce a rediyo, "Bincike ya nuna masu shan shayi sun fi natsuwa." Waɗanne tambayoyi uku za ka yi kafin ka yarda?

Aikin aji

Malami zai shirya kalmomi 15 na yau da kullum a takarda. Ku raba aji biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukunin farko su karanta kalmomin na minti biyu cikin shiru, na biyu su karanta na minti biyu a wani ɗaki da rediyo a kunne. A karɓe takardun, kowa ya rubuta abin da ya tuna, ba tare da sa suna ba. Wanda zai duba amsoshin kada ya san daga wane rukuni kowace takarda ta fito. Wanda ba ya son shiga, a ƙyale shi. Bayan an ƙirga, ku tattauna: in an sami bambanci, me kuma ban da rediyo zai iya kawo shi? Ku adana alƙaluman da kuka samu ku zo da su mako mai zuwa, domin da su za mu koyi yadda ake fitar da matsakaici.